Shi Ma Warin Nan Laifin Gwamnati Ne?

Na san yau zan taɓo wasu, musamman 'yan uwana masu gidajen haya, to amma kafin kowa ya harzuƙa bari in fara tona wa kaina asiri, don in jifa za a yi a fara da ni.

Muna da wani gida a Anguwan Rukuba, gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Shi kuma nasa mahaifin tun zamanin haƙar kuza ya baro ƙasar Katsina ya zo Jos, bai sake komawa ba. A gidan nan aka yanke mini cibiya, a layin na buga ƙwallon tsumma. Bayan rikicin Satumbar 2001 muka ɗauke tsohuwarmu muka koma cikin dangi, kamar yadda dubban mutane suka yi ta kowane ɓangare. Wasu suka sayar, wasu suka yi musaya, mu kuwa muka zuba 'yan haya muka damƙa wa wani dillali. Tun daga nan tsakanina da gidan sai lissafin ƙarshen shekara. Rikicin 2008 da na 2010 suka ƙara ba ni hujjar ƙin leƙawa, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ko bayan da ƙura ta lafa hujjar ta ci gaba da yi mini daɗi, domin wanda bai ga bango ya tsage ba ai ba zai sayi siminti ba.

A cikin watan Agustan bara sai ga waya daga wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta can, ƙawar mahaifiyata, wadda ta sha goya ni ina jariri. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Ɗana, ka zo ka ga abin da gidan babanku yake yi mana." Na ce, "Mama, lafiya dai ko?" Ta ce, "Kai dai ka zo. Jikata kwananta huɗu a asibiti, rijiyata kuma ko wanki mun daina yi da ita."

Na je washegari da safe. Tun daga bakin lungun da ya raba gidanmu da nata hancina ya gaya mini abin da ake ciki. Ƙasan lungun ta yi laushi kamar an kwaɓa, gindin katangarta ya jiƙe ya yi baƙi har wajen gwiwa, ga ƙudaje sun yi sansani. Mai gyaran famfon da na taho da shi bai sari ƙasa sau goma ba sai ga bututun da ke ɗauko bahaya daga banɗakunan gidanmu zuwa sokawe, ya dare kamar an tsaga rake. Abin da ya fi ba ni kunya, wani ya taɓa tono shi, ya naɗe wurin da robar tayar keke, ya yaɓa siminti, ya mayar da ƙasa ya tafi abinsa. Na auna da ƙafata daga nan zuwa bakin rijiyar Mama: taku tara. Ɗanta ya ce sau uku yana samun dillalin, sau ukun ana ce masa maigida ba ya gari. Ni ne maigidan, kuma daga inda nake kwana zuwa lungun nan bai kai tafiyar minti ashirin a Keke Napep ba.

Da yamma na ba da labarin a majalisarmu, ina tsammanin za a taya ni jin kunya. Ina! Wani cewa ya yi, "Ai Malam, ba laifinka ba ne, gwamnati ce ba ta yi wa mutane magudana ba." Wani ya ce ciwo da lafiya duk na Allah ne. Na ukun ya kawo tsohuwar waƙarmu, wai ai dama an mayar da mu baƙi a garin da aka haifi kakanninmu, shi ya sa komai namu yake lalace. Wannan amsa ta ukun ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ban musanta cewa muna da ƙorafi ba. Ni ma na san zafin a ce da kai baƙo a inda kabarin kakanka yake, na san yadda ruwan famfo yake zama labari a unguwanninmu, kuma gaskiya ne Jos, kamar kusan dukkan biranen ƙasar nan in ka cire wasu sassan Abuja, ba ta da babban bututun hukuma mai kwashe ƙazantar gidaje ya kai ta inda za a sarrafa. Kowa da raminsa a bayan ɗakinsa. To amma jama'a, tunda ramin naka ne, kai ka haƙa, kai ka sayi bututun, kai kake karɓar kuɗin haya, wane gwamna ne ya zo cikin dare ya fasa maka shi? Wace takardar shaidar ɗan ƙasa ake nema kafin a sayar wa mutum bututu mai inci huɗu a kasuwa? Mun ɗauki ƙorafi na gaskiya mun mayar da shi bargon lulluɓe son zuciyarmu. Kuma kada wani ya ce ai wannan a Anguwan Rukuba ne. Ku zaga Gangare, ku shiga Anguwan Rogo, ku bi lungunan Rikkos da Dilimi da Nasarawa bayan an ɗauke ruwan sama, hancinku zai ba ku labari. A can ma ba wani ne ya zo ya yi mana ba, mu ne muke yi wa junanmu.

Akwai abin da ya kamata duk mai gida a Jos ya sani game da ƙasar da ya yi gini a kai. Garin nan a kan dutse yake. A wurare da yawa ba ka yin nisa da haƙa za ka ci karo da fa, shi ya sa rijiyoyinmu gajeru ne, shi ya sa kuma masu haƙa sokawe suke tsayawa da wuri. Ga ruwan sama da muke samu, wajen milimita 1,400 a shekara, wanda ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, lokacin da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake tasowa har ka ɗebi rijiya da gajeriyar igiya. A irin wannan lokaci rijiyarka da ramin maƙwabcinka kusan kwano ɗaya suke ci. Inda ƙasa mai zurfi ce tana tace ƙazanta kafin ta yi nisa, amma tsagar dutse ba ta tace komai, hanya kawai take bayarwa.

Masana tsaftar muhalli suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma rijiyar ta kasance ta tudu. Yanzu mai karatu yi lissafi da ni. Cikakken fuloti mai ƙafa 50 da 100 wajen mita 15 da 30 ne. Ke nan ko kana da cikakken fuloti da ƙyar ka cika sharaɗin, balle mu da tun bayan rikice-rikicen nan muka cunkushe wuri ɗaya, aka raba fuloti biyu, aka raba huɗu, aka mayar da zaure ɗaki, aka mayar da kicin ɗaki, wani ma a kan murfin sokawen ya ɗora shago. Ba ina cewa kowa ya rushe gidansa ba ne. Ina cewa tunda tazarar ba ta samuwa, abin da ya rage mana shi ne ramin da bututun su kasance ba sa yoyo ko kaɗan, mu kuwa nan ne muke yin arha.

Abin da muke kira sokawe a dunƙule, a ƙa'ida ramuka biyu ne. Na farko tanki ne da ake ginawa da bulo, a shafe cikinsa da ƙasansa da siminti yadda ko ɗigo ba zai fita ba, a nan bahaya yake kwanciya ya ruɓe. Ruwan da ya taso sama shi ke tsallakawa rami na biyu, wanda ba a shafe ba, ya riƙa tsotsewa cikin ƙasa sannu a hankali. Mu kuma sai birkila ya ce, "Alhaji, in an yi guda ɗaya za a rage buhun siminti goma," sai Alhaji ya washe baki. A haƙa rami ɗaya, a jera bulo da ramuka, a rufe. Bayan shekaru za ka ji shi a majalisa yana alfahari wai sokawensa shekara ashirin bai taɓa cika ba. Haba Alhaji! Gida mai mutum talatin, shekara ashirin, rami bai cika ba, ba ka taɓa tambayar kanka ina abin yake tafiya ba? Ka tambayi mai rijiyar da ke gangarenka.

Shi bututu kuwa ba ya fashewa a ɓoye, sai dai a ƙi gani. Yana farawa da wari wanda shara da wanka ba sa kore shi, ya fi tashi da yamma ko bayan ruwan sama. Sai ka kora ruwa a banɗaki ka ga yana tafiya da ƙyar, yana ƙugi kamar mai shaƙuwa, wani lokaci ma ka kora a nan ya ɓullo ta wurin wanka. In ka ga wani wuri a tsakar gida ko a lungu yana da danshi a tsakiyar hunturu, sa'ad da leɓen kowa yake tsagewa don bushewa, ko ciyawa ta yi kore shar a wuri ɗaya alhali ko'ina ya ƙone, to akwai mai ba ta ruwa da taki daga ƙasa. Gindin bango ya jiƙe, fenti yana ɓarewa, wani farin gishiri yana fitowa. Daɓe ya tsage ko ya lotsa. Ɓeraye da kyankyasai sun yi yawa ba gaira ba dalili. Duk waɗannan 'yan hayarmu sun gani, sun kuma faɗa. Dillali ya ji. Ni ne ban so ji ba.

Dalilan fashewar ma ba boyayyu ba ne. Akwai bututun roba mai kauri, akwai mai shara-shara wanda in ka matsa da hannu zai lanƙwashe, kuma kowa ya san wanda muke saya. A binne shi sama-sama a kan tsakuwa, sannan a riƙa ajiye mota ko a sauke lodin yashi a kansa. Namu haka ya mutu, wani ɗan haya ne yake kwantar da motarsa a bakin lungun kullum dare. Akwai saiwar bishiya, mangwaro ko dogon yaro ko turare, wadda in ta sami 'yar ƙofa a mahaɗar bututu sai ta shige ta yi gashi a ciki ta toshe shi. Akwai rashin gangara: mai gyaran da ya yi mini aiki ya ce a bututu mai inci huɗu ana so kowace ƙafa 40 ta tsawo ya sauka ƙafa ɗaya, in ya kwanta daidai ƙazanta za ta zauna. Su ma 'yan haya ba na wanke su, domin abin da muka zaro daga cikin namu, leda da tsumma da ƙunzugun yara na zamani, ya cika bokiti biyu.

Amma duk wannan sakaci ne. Akwai wanda ya wuce sakaci, kuma shi nake so mu daina rufa wa asiri. Shi ne mutumin da ya sa aka yi wa sokawensa 'yar ƙofa ta ɓoye zuwa kwata, ya toshe da tsumma, yana jiran hadari. Da ruwa ya kece cikin dare sai ya aiki yaro ya zare tsumman, wai ruwa ya tafi da shi. Ya tafi da shi ina? Kwatar nan ta ƙofar gidan wani za ta bi, yara za su yi wasa a cikinta da safe, ta gangara rafi, rafin ya faɗa kogin Dilimi, wanda da ruwansa masu lambu suke ban-ruwan latas da kabeji da karas, a kai Farin Gada, matarsa ta sayo ta yanka masa a kan shinkafa. Mun ga abin da ya faru a Yulin 2012, farkon azumi, da ambaliya ta bi ta Rikkos da Gangare da Anguwan Rogo ta kashe mutum sama da 30. Duk abin da muka ɓoye a ramuka da kwatoci ranar ya fito ya shiga ɗakuna da rijiyoyi. Kowa a layi ya san mai zare tsumman nan. Ana gaisawa da shi, ana ba shi sahun gaba, ba mai cewa uffan, wai kada a ɓata zumunci.

Abokina mai cewa ciwo na Allah ne, ban ƙi ba, amma ga wani labari. A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a birnin Landan, ta kashe mutum sama da 600 cikin 'yan makonni. A lokacin likitoci sun ɗauka wari ne yake kawo cutar. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana lissafin mamata, ya gano kusan dukkansu daga famfon rijiya ɗaya suke sha, a titin Broad Street, ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Da aka tona daga baya sai aka tarar da ramin masai na wani gida yana yoyo, tazararsa da rijiyar ba ta fi mita ɗaya ba, kuma a ramin aka zuba ruwan wankin ƙunzugun wata jaririya mai gudawa. Gida ɗaya, rami ɗaya. Abin da ya fi ɗaure kai, mutanen unguwar suna yabon ruwan famfon nan, har akwai wadda ta ƙaura amma take aikowa a ɗebo mata, ita ma ta mutu.

Wannan ya kawo ni kan wani kuskure da muke yi. A makarantar zaure an koya mana cewa ruwan da najasa ta canja masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba a tsarki da shi, sai muka ɗauka duk ruwan da ya fito garau to lafiyayye ne a sha. Hukuncin tsarki daban, ƙwayar cuta daban. Ƙwayar kwalara da ta taifot ba su da launi, ba su da wari. Kafin rijiya ta kai ga yin wari irin ta Mama, an daɗe ana shan abin da ba a sani ba. A 2010 kwalara ta kashe mutum sama da 1,500 a ƙasar nan. A 2021 hukumar NCDC ta lissafa mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, mafi yawansu a Arewa, kuma Filato tana ciki. Duk shekara in aka fara sai mu ce annoba ta shigo gari, kamar daga wata ƙasa ta hau mota ta zo.

Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda yake shiga har ƙuryar gida ya leƙa randa da masai, in ya ga ƙazanta a ci tarar maigida, mata suna jin an ce ga shi nan sai kowa ta ɗauki tsintsiya. Mukan ba da labarin muna dariya. Ni dai yanzu dariyar ba ta zo mini.

Wanda ya ga alamun da na faɗa, abin yi ba shi da wuya. A fara buɗe 'yar cambar da ke tsakanin banɗaki da rami, a sa wani ya kora bokitin ruwa da aka jiƙa bula a ciki, a tsaya a gani: ya iso gaba ɗaya, ko rabi ya ɓace a hanya? In shuɗin ya ɓullo a kwata ko a gindin bango magana ta ƙare, in bai ɓullo a rijiya ba kuma kada a ce an tsira, domin ƙasa tana riƙe launi ta saki ƙwayar cuta. A tona, a yanke inda ya fashe gaba ɗaya, a sa sabo mai kauri da gam ɗinsa, a shimfiɗa masa yashi sama da ƙasa, in mota tana bi ta wurin a zuba kankare. Roba da siminti yaudarar kai ce, damina ɗaya ba za ta kai ba. In rami ya cika a kira motar zuƙa, a kuma tambayi direban inda zai zubar. Masu zuba kalanzir ko baƙin mai ko gishiri wai don rami ya sauka, su sani ba ya sauka, sai dai su kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da bahayan, man kuma ya bi ƙasa ya sami rijiya. Sannan don Allah, don Annabi, kada a tura yaro ko almajiri cikin ramin don an ba shi ɗari biyar. Iskar da ke ciki tana sumar da ƙato kafin ya yi ihu, mai shiga ceto shi ma ya bi shi, kuma tana kama wuta, saboda haka ba a leƙawa da ashana ko sigari.

Rijiyar da ake zargi kuwa a daina sha nan take, a gaya wa duk mai ɗiba, ko da za a ji kunya. In babu wani ruwan a tafasa shi sosai, ko a sa maganin tsarkake ruwa irin su WaterGuard yadda aka rubuta a jiki. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, na leda ko a haɗa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana hanyar asibiti. Kwalara tana iya ƙarar da babban mutum cikin yini ɗaya, balle yaro.

Namu aikin kwana uku ya ɗauka. Muka canja bututun tun daga banɗaki har rami, muka zuƙe, muka shafe tankin, muka kafa turaku biyu a bakin lungu don kada mota ta sake shiga. Duk abin da na kashe bai kai kuɗin hayar ɗakuna biyu na shekara ba, a gidan da na yi shekara ashirin da ɗoriya ina ci. Dillalin na sallame shi, ko da yake har ga Allah na san abin da nake so ya faɗa mini shi yake faɗa mini. Yarinyar ta warke, na biya kuɗin asibiti, Mama ta karɓa bayan na yi ta roƙo. Rijiyar an yashe ta sau biyu an zuba magani, amma har yau ba a koma sha ba, mai ruwa ne yake kai musu jarka huɗu kullum a kan asusuna, sai an kai ruwan an gwada bayan wannan daminar. Ranar da zan tafi ta rako ni bakin lungu, ta nuna mini inda mahaifina yake tsugunawa duk ranar Asabar da tsinken ƙarfe yana yashe kwatar da ke tsakanin gidajen biyu, tun daga ƙofarmu har ya wuce tata. Ta ce, "Ɗana, wata mai zuwa ka zo da kanka, kada ka aiko."